Tun Ran Gini Ran Zane: Ƙorafi a Kan Binciken Ɗalibanmu na Fannin Gine-gine

Jama'a, ina da ƙorafi, kuma da ɗaliban digiri na biyu da na uku na fannin zanen gini da injiniyancin gini nake, su da malaman da ke duba kundayensu. Kowace shekara ana yaye su da kundaye masu kauri, wani ya zana otal mai hawa ashirin, wani filin jirgin sama, wani kuma katafaren kanti na gilashi wanda ko a Ikko sai an nemi mai kuɗin gina shi. A cikin wannan shekarar dai, da zarar damina ta kankama, za ka ji a rediyo soro ya rufta wa mata da yara cikin dare, ko iska ta kwashe kwanon makarantar firamare ta jefar a gona. Tsakanin waɗancan kundaye da waɗannan gidaje babu ko gaisuwa. Ni kuwa ina ganin ilmin da ba zai iya gaya wa magidanci tsawon indararon da zai tsare masa bango ba, bai kamata ya riƙa ɗaga kafaɗa a cikin jami'a ba.

Bari in fara da bayyana abin da nake nufi, don kada a ce na yi shaci-faɗi. A wurin masu zanen gini akwai zane iri biyu. Akwai babban zane, wanda ke nuna ɗakuna da ƙofofi da fuskar gida, inda santimita ɗaya a takarda ke wakiltar mita ɗaya a ƙasa. Akwai kuma wanda zan kira zanen filla-filla, watau wanda ake faɗaɗa wuri ɗaya tak, a nuna yadda abu biyu suka haɗu: inda bango ya zauna a kan harsashi, inda katako ya shiga bango, inda ruwan rufi zai bi ya fita, inda rodi zai lanƙwasa a cikin kankare. Babban zane shi ke burge mai gida da 'yan kallo. Amma gini ba ya faɗuwa daga fuskarsa, daga mahaɗa yake faɗuwa, kuma zanen filla-filla ne ke kula da mahaɗa. Wannan zane kuwa shi ne marayan da ɗalibanmu ke turawa shafukan ƙarshe na kundi, sau da yawa ma kwafo shi suke yi daga littattafan Ingila, inda ba a san rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato ba.

In an ce mini ina za a je a yi irin wannan bincike, sai in ce ga Sifawa nan kudu da birnin Sakkwato, a ƙaramar hukumar Boɗinga, a kan hanyar da ta nufi Shagari. Duk ɗalibin tarihi ya san cewa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa wajen 1810, yana karantarwa yana rubutu, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wannan lokaci. To, jama'ar da ta taru a waɗannan garuruwa, malamai da almajirai da baƙi daga Katsina da Kano da Zazzau, a cikin me suka kwana? Wa ya gina musu masallaci da zaure da rumbu? Da wace ƙasa, daga wane kududdufi? An rubuta kundaye masu yawa a kan littattafan da Shehu ya wallafa da yaƙe-yaƙen da aka yi, kuma madalla da haka. Amma ɗakin da aka zauna aka yi rubutun, shi ma ilmi ne ya tsayar da shi, kuma har yau zuriyar maginan wannan yanki suna nan suna kwaɓa ƙasa.

Kada wani ya ce mini ai maginan da da ka suke aiki, ba ruwansu da takarda. A 1824 Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar ana gina wani masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo. Ya rubuta cewa shugaban maginan mutumin Zazzau ne, wanda ya gaya masa mahaifinsa ya je Masar ya koyo wani abu na fasahar gini, da zai rasu ya bar masa takardunsa, kuma da su yake aiki. Har ma maginin ya roƙi Baturen ya ba shi wani ma'auni na lissafi. Ku duba fa, shekara 200 da suka wuce magini a Sakkwato yana riƙe da takardun gini da ya gada, yana kuma neman kayan awo don ya ƙara ƙwarewa. Mu da muke da jami'o'i da kwamfuta, ina takardun da za mu bar wa na baya?

Bari in nuna muku kaɗan daga abin da ke jiran mai bincike. Ku ɗauki bango kawai. Magini yakan zaɓi ƙasa, ya zuba ruwa da ciyawa, a tattaka, a bar ta ta kwana kwanaki har ta ruɓa ta yi danƙo, sa'an nan a mulmula tubali a shanya. Tubalin Bahaushe gindinsa da faɗi, kansa a tsuke, kuma a tsaye ake jera shi, kan na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon kansa ma haka yake, gindi da kauri, yana hawa yana sirancewa, sabo da nauyi ya sauka inda ƙarfi yake. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai tambaya ce ta digiri. Kwana nawa ya kamata ƙasa ta jiƙa? Yashi nawa laka nawa ke cikin ƙasar Sifawa, kuma yaya ta bambanta da ta Shagari? Nauyin me tubali ɗaya zai ɗauka kafin ya fashe, a bushe da kuma a jiƙe? Injin da ake matse bulon siminti da shi a ɗakin gwaji na kowane sashen injiniya zai iya matse tubali, ba zai ƙi ba. Masu injin ne ke ƙyamar ɗora masa.

Ku zo ga rufi. Azara, watau giginyar da aka faskara, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta jure tazarar da ta wuce wajen mita 2 in an ɗora mata nauyin ƙasa. Wannan iyaka ita ta haifi dabarun maginanmu. In ana son ɗaki ya ƙara faɗi, sai a fito da azara daga saman bango hawa-hawa, ko a gitta ta a kusurwa, don a rage tazarar. In kuwa ana son zaure babba ko masallaci, sai a ɗaura bakan gizo: a dasa azara cikin bango ta gefe biyu, kowane hawa ya zarce na ƙarƙashinsa kaɗan yana rusunawa, a ɗaure da igiya, har su haɗu a tsaka, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. In bakan gizo biyu suka gitta juna an sami ɗaurin guga, a kansu kuma a ɗora tulluwa. Watau itace na riƙe ja, ƙasa na riƙe danni, daidai da aikin da rodi da kankare ke yi. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da wannan dabara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, alhali Bafaranshen nan Monier bai yi rajistar dabararsa ta sa ƙarfe cikin siminti ba sai a 1867. Ina ɗalibin injiniya da zai zauna ya lissafa yadda nauyi ke sauka a cikin bakan gizo, ya gaya mana iyakar faɗin da zai ɗauka, ya kuma gaya mana wane itace zai maye gurbin azara yanzu da giginya ta yi ƙaranci?

Sai kuma maganar ruwa, wanda shi ne babban abokin gaban ginin ƙasa. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan kan zo da ƙarfi da iska. Wuri uku ruwa ke kai hari. Yana cin gindin bango, inda yake fantsama ko ya kwanta. Yana shiga ta rawani, watau gefen saman soro, musamman inda indararo ya huda shi. Yana kuma taruwa a kan rufin da aka yi ta ƙara masa ƙasa shekara da shekaru ba a kankare tsohuwa ba, har nauyi ya fi ƙarfin azara. Magabata sun san duk wannan. Shi ya sa suke yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, suke kuma shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Yau marina sun ragu, majema sun ragu, sai mutane suka koma yaɓa siminti a kan bangon ƙasa suna ganin sun ci gaba. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa, kuma ba ya barin danshi ya fita. Da ya tsage, ruwa ya shige bayansa ya jiƙa bangon a ɓoye, mai gida na kallon fuska lafiya lau, ciki kuwa ya zama kunu. Wannan kuskure guda ɗaya, da an yi bincike a kansa an fito da amsa mai araha, da ya fi otal ɗari na cikin kundi amfani ga talaka.

Abin kunyar ma shi ne, yawancin awon da muke da shi na tsofaffin gine-ginenmu baƙi ne suka yi. Dmochowski mutumin Folan ya yi shekaru yana yawo da ma'auni a Nijeriya, ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin littafi uku a 1990, kuma shi ne ya tsaya aka kafa gidan adana gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin Zariya. Moughtin ya fitar da littafinsa a kan ginin Hausa a 1985. Schwerdtfeger ya bi gidajen Zariya ya fitar da nasa a 1982. A cikin 'yan gida, Hamman Tukur Sa'ad ya zauna da magina ya ji ta bakinsu, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1981. Allah Ya saka musu. Amma ku lura, ƙarfin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga Zariya da Kano da manyan birane, kuma an fi shekara arba'in da yin yawancin awon. A halin da ake ciki kuwa, an rushe tsohon masallacin Kano na ƙasa an gina na siminti a farkon shekarun 1950, masallatan Shehu da Bello na Sakkwato su ma an sāke su da kankare. Ba na zargin waɗanda suka sāke, jama'a ta ƙaru, wuri ya yi kaɗan. Abin da nake cewa shi ne, duk ginin da aka rushe ba a auna shi ba, an ƙone littafi ne wanda babu kwafinsa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ginin ƙasa alamar talauci ce, kowa ya sami hali bulo yake saye, don me za a mai da mu baya? Amsata ita ce ku ƙetara iyaka ta Illela ku shiga jihar Tawa a Nijar. A ƙauyen Yama, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa tulluwa da hasumiyoyi har zuwa 1982, kuma a 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda manyan masu zane na duniya ke takarar ta. A Dandaji, cikin wannan jiha dai, Mariam Kamara 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse a inji, aka gama a 2018, kuma da maginan wurin suka yi aikin. A 2022 Francis Kéré ɗan Burkina Faso, wanda ya yi suna da gina makarantar ƙauyensu Gando da ƙasa, ya karɓi kyautar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a wannan sana'a. Duniya na zuwa ƙofarmu neman abin da muke sharewa muna zubarwa a bola. Ban da haka ma, duk wanda ya taɓa yin ƙailula a soro ya kuma yi a ɗakin kwano cikin bazara, ya san bango mai kauri na jinkirta zafi har dare, ba sai an ba shi lacca ba.

Kuma kada a ɗauka siminti nake yaƙa. Tun 1967 ake sarrafa siminti a Kalambaina, arziki ne Allah Ya ba mu a ƙarƙashin ƙasarmu. Sai dai ginin bulo ma irin wannan ciwo ke damunsa. Ana buga bulo fiye da kima daga buhu ɗaya mai kilo 50, a shanya shi a rana ba a ba shi ruwa ba, alhali kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Littafi ya ce awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, amma wa ke tsaye a wurin lokacin da ake kwaɓawa? Kwanon da iska ke kwashewa kuwa, ba iskar ce ta fi ta da ƙarfi ba, katakon ne aka aza a kan bango ba a ɗaure shi da ƙarfe ya nutsa cikin jerin bulo ba. Ko gwamnati ba ta tsira daga wannan ba. Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, da ya hau mulki a 1979 ya ɗauri aniyar gina gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara, kuma niyya ce mai kyau. Amma kusan zane iri ɗaya aka rarraba daga bakin teku har bakin hamada, babu zaure, babu tsakar gida irin tamu, da yawa kuma aka kai su bayan gari. Mutanen da suka shiga sai da suka yi ta ƙare-ƙare da kewaye kafin gidajen su zaunu. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, waɗannan gidaje na tsaye a matsayin ɗakin gwaji kyauta, duk abin da mazauna suka canza darasi ne ga mai zane.

Akwai kuma wani sashe na bincike da aka raina, shi ne rabon aiki. A Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, ya ɗora wa Malam Abdullahi yamma, Muhammadu Bello kuma gabas, don kowa ya san abin da za a tambaye shi. Wurin gini ma haka yake a gargajiyance. Akwai Sarkin Magina, akwai gwani da ke ɗaura bakan gizo, akwai magini da ke jera tubali, akwai yaran da ke kwaɓa ƙasa suna cilla masa, kuma in soro ya faɗi gari duka ya san gidan da za a je a yi tambaya. Yau fa? An kafa hukumar rajistar masu zanen gini a 1969, ta injiniyoyi a 1970, an kuma fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Duk da haka, a Boɗinga ko Shagari mai gida da birkila ne kaɗai ke tsayawa a fili, su ja layi da ƙafa. Mai zane na birni, injiniya na ofis, ɗan kwangila na neman riba, in gini ya faɗi kowa ya nuna wani. Ya kamata a bincika wane ne ke yanke shawara a kan harsashi da lintal da ɗaurin rufi a irin waɗannan garuruwa, a ina ya koya, kuma ta wace hanya ilmin jami'a zai isa hannunsa. Zanen da birkila ba zai iya karantawa ba, ko da ya fi kowane kyau, ado ne kawai.

'Yan sashen Hausa kuma kada ku yi dariya, akwai naku kason. Kundayen da ake rubutawa a kan sana'ar gini yawanci jerin sunaye ne: zanko kaza ne, dakali kaza ne, shigifa kaza ce, sai a kawo kirarin magina a rufe. Babu awo, babu zane, babu bayanin dalilin da ya sa aka yi abu yadda aka yi shi. Ɗalibin zane yana da ma'auni amma bai san yadda zai durƙusa ya gai da dattijo ya jawo magana daga bakinsa ba. Ɗalibin Hausa ya iya wannan amma ba ya riƙe da ma'auni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sabo da haka ga abin da nake kira a yi. Na farko, kada a ba kowa digiri na biyu a zanen gini ko injiniyancin gini sai ya yi rani guda cur a ƙarƙashin magini ko birkila, ya kuma koma da damina ya ga inda ruwa ya bi. Na biyu, a riƙa tura ɗalibai rukuni-rukuni, mai zane da injiniya da ɗan sashen Hausa da ɗan tarihi, a ba kowane rukuni unguwa ɗaya a Sifawa ko Boɗinga ko Shagari, su auna tsofaffin soraye da sababbin gidaje, kowa da aikin da aka ɗora masa a rubuce. Na uku, a kai tubali da azara da makuba da laso ɗakin gwaji, a fitar da lambobinsu kamar yadda aka fitar wa siminti da rodi. Na huɗu, kowane kundi ya zo da ɗan littafi na Hausa, da boko da ajami, mai zane manya-manya, wanda za a iya karanta wa birkila a gindin bishiya. Na biyar, maginin da aka ɗebi ilminsa a rubuta sunansa a kundin, a biya shi ladan lokacinsa, a kuma gayyace shi ranar kare kundi ya yi wa ɗalibin tambaya. Kuɗin wannan duka bai kai na tafiya taro guda a ƙasar waje ba.

Malamaina, ku kuke amincewa da kan magana kafin ɗalibi ya fara bincike, ku ne kuma za ku iya juya akalar a zama guda. 'Yan'uwana ɗalibai, gwanayen da suka iya ɗaurin guga ba su da yawa, kuma shekarunsu sun ja, 'ya'yansu da dama sun koma acaba da kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke neman kan magana na digiri, ya ɗauki ma'auni da littafi da goron gaisuwa, ya hau motar Boɗinga tun kafin ruwan bana ya sauka. Allah Ya sa mu dace, amin.